JEGO BAYAN TIYATAR HAIHUWA: Yadda Ciki Ke Warkewa Da Abubuwan Da Ke Ɓata Ɗinki

Da yawa daga cikin matan Gaya da Ajingi da ake yi wa tiyatar haihuwa ba da shirin tiyata suke barin gida ba. Naƙuda ce ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mace, sai a ɗauko ta cikin gaggawa daga Kademi ko Toranke ko Balare zuwa Babban Asibitin Gaya, wani lokaci ma a tura ta Wudil ko birnin Kano. A irin wannan hali babu mai natsuwar sauraron bayani. Shi ya sa muke so ki karanta wannan darasi tun kina da ciki, ki kuma ba maigida da iya su karanta, ko a karanta musu, domin su ne za su yi jinyarki idan abin ya zo da haka.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa haihuwa kimanin 3 cikin 100 ne kawai ake yi ta hanyar tiyata a Nijeriya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a faɗin duniya abin ya kai kimanin 21 cikin 100. Ƙarancin namu ba abin murna ba ne, yana nufin akwai matan da suke buƙatar aikin amma ba sa samu. Yana kuma nufin cewa a gidaje da yawa babu tsohuwar da ta taɓa jinyar mai jegon tiyata, sai a yi mata irin jegon da aka saba. A nan matsala take farawa.

ME AKA YANKA?

Abin da ido ke gani layi ne guda a kwance a ƙasan mara, tsawonsa santimita 10 zuwa 15, wani lokaci kuma a tsaye daga ƙasan cibiya. To amma kafin likita ya kai ga jariri sai ya ratsa fata, da kitse, da wani farin tantani mai ƙarfi da ya lulluɓe tsokar ciki, ya buɗa tsokar gefe da gefe, ya ratsa siririn tantanin da ke rufe da kayan ciki, sannan ya yanka mahaifa. Kowanne da lokacin warkewarsa. Fata tana haɗewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Shi kuwa wancan farin tantani, wanda shi ne yake riƙe da hanji kada ya turo waje, yana ɗaukar watanni kafin ƙarfinsa ya dawo. Mahaifa tana da nauyin kusan kilo ɗaya ranar haihuwa, sai ta yi ta tsukewa har ta koma ƙasa da giram 100 wajen mako na shida, amma tabon da ke jikinta ya fi haka daɗewa kafin ya yi ƙwari.

Saboda haka idan kika ga fata ta haɗe, an cire zare, kada ki ɗauka an gama. Na ciki yana nan ɗanye.

KWANAKIN ASIBITI

Yawanci allurar baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa, mace tana farke har ta ji kukan ɗanta. Ƙafafu sukan dawo cikin 'yan awoyi. Da zarar kin dawo hayyacinki a sa miki jariri a nono. Dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri, shi ne rigakafinsa na farko, kuma tsotson da yake yi yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Idan ɗora shi a ciki yana miki zafi, ki kwanta ta gefe ki shayar, ko a tokare shi da matashi a ƙarƙashin hammatarki.

A da akan hana mai tiyata ci da sha har sai ta yi hutu. Yanzu an gano cewa idan aikin ya tafi lafiya, fara shan ruwa da koko bayan 'yan awoyi yana taimaka wa hanji ya farka. Amma ma'aikaciyar jinya ce za ta ba da izini, ba mai jinya ba. Robar fitsari akan cire ta cikin awa 12 zuwa 24. Idan naƙudar ta yi tsawo ƙwarai, likita zai iya barin ta mako ɗaya ko biyu domin mafitsara ta huta, kada ta ɓule ta zama yoyon fitsari. Kada a matsa a cire ta don za a yi suna.

Abu mafi wuya a rana ta farko shi ne tashi. Za a ce ki tashi ki taka, ke kuwa kina jin kamar cikin zai zube. Ba zai zube ba. Ki juya ta gefe, ki sauko da ƙafafu, ki dafa gado da hannu ki ɗago. Kada ki miƙe tsaye daga rigingine. Dalilin wannan matsi shi ne jinin mai ciki da mai jego yana saurin daskarewa, tiyata da doguwar kwanciya kuma suna ƙara masa. Gudan jini kan taru a jijiyar sha-raɓa, idan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa nan take. Tafiya daga gado zuwa bakin ƙofa sau da yawa a rana magani ce. In tari ko atishawa ya zo, ki danne wurin ɗinkin da matashi ko naɗaɗɗen zane.

Wasu matan sukan yi wani irin ciwon kai bayan allurar baya, wanda ke tsananta in sun zauna ko sun tsaya, ya lafa in sun kwanta. A faɗa wa likita, yana da magani.

Idan komai lafiya akan yi sallama bayan kwana uku zuwa biyar. Kafin ku fita ku tambayi abu uku, a kuma rubuta muku a kati: dalilin da ya sa aka yi aikin, yadda aka yanka mahaifar kanta (a kwance ko a tsaye, domin ba lallai ya zama daidai da na fata ba), da ranar dawowa. Wani zaren narkewa yake da kansa, wani sai an cire tsakanin kwana 5 zuwa 10. A adana wannan kati kamar takardar gona. Likitan da zai karɓi haihuwarki ta gaba da shi zai yi aiki.

Komawa gida ma a yi ta da lura. Daga Kano zuwa Gaya ya haura kilomita 60, ga kuma hanyar ƙauye bayan an sauka daga kwalta. A nemi mota, kada a ɗora ta a babur. Ta riƙe matashi a ciki, wani ya riƙe jaririn, a tsaya a hanya ta ɗan taka.

WANKAN JEGO DA ƊINKI

Nan ne aka fi samun saɓani tsakanin asibiti da gida, don haka bari mu yi bayani dalla-dalla. Ba mu hana mai tiyata wanka ba. Bayan an cire filasta ta yi wanka kullum da ruwa mai ɗumi da sabulu, ruwan ya bi ta kan ɗinkin ba tare da an cuɗa ba, sannan a tsane wurin da tsumma mai tsabta wanda ya sha rana. Mai ƙiba, wadda fatar ciki ke rufe ɗinkin, ta riƙa ɗaga fatar tana busar da ƙarƙashinta, domin gumi da damshi ne ke kawo ruɓa, musamman a watannin zafi na Maris zuwa Mayu.

Abin da muke hanawa shi ne tafasasshen ruwa da fyaɗa ganyen darbejiya ko na tsamiya a kan ciki. Fatar da ke kewaye da yankan ba ta ji sosai, domin an yanke ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙo, kuma wannan mutuwar fata kan ɗauki watanni. Mace na iya ƙonewa har ta saɓule ba ta sani ba. Haka nan gasa ciki da tsumma mai zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da danna ciki da ƙarfi wai don a fitar da mataccen jini. Jinin biƙi da kansa yake fita, ja a kwanakin farko, ya koma ruwan ƙasa, ya koma fari-fari, har zuwa mako shida. Zama cikin baho ko kwatarniyar ruwan zafi ma a dakata sai likita ya duba ɗinkin. Kada a shafa komai a kan yankan: ba man zafi, ba toka, ba garin magani, ba ƙullin kafso da aka fasa. Man kaɗanya sai bayan fata ta rufe sarai.

Iya, mun san ba mugunta ba ce, kula ce, kuma da yawa daga cikin abin da ke cikin al'adar jego daidai yake: hutun kwana arba'in, zuwa wankan gida, ciyar da mai jego da kyau. A riƙe waɗannan. Zafin ruwan kawai za a rage, yadda za ki iya tsoma gwiwar hannunki ki bar ta a ciki.

Sai kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi da ciwon zuciyar masu jego. Binciken da aka yi a Kano daga baya bai tabbatar da cewa shi ne sanadin wannan ciwo ba. Amma abu ɗaya ba a jayayya a kansa: kanwa tana ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa, shi kuwa yana tara ruwa a jiki, yana ɗaga hawan jini. Matar da aka yi wa aiki saboda hawan jini ko jijjiga ta bar shi gaba ɗaya. Kunun gyaɗa, kunun tsamiya da fura da nono sun wadatar wajen kawo ruwan nono. Rauni da abinci mai gina jiki yake warkewa: wake, ƙwai, kifi, hanta, nama, gyaɗa, zogale. Maganar cewa ƙwai ko kifi na sa ɗinki ya yi ruwa ba ta da tushe. A sha ruwa sosai, a ci ganye da gwanda ko lemo, domin yunƙurin bayan gida mai tauri yana wahalar da ɗinki. Ƙwayar ƙarin jini a ci gaba da sha mako 6 zuwa 12. Takan sa bayan gida ya yi baƙi, ba komai. Kada a haɗiye ta da shayi, yana hana jiki ɗaukarta.

Maganin zafi kuwa, farasitamol da wanda likita ya rubuta sun isa. Kada a sayo kodin ko tiramol a kemis, suna bi ta nono su sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya yi rauni. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a shanye shi duka ko da an ji sauƙi.

ZUWA GA MAIGIDA

Har mako shida kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi. A gidajenmu wannan yana nufin ba daka, ba surfe, ba jan guga a rijiya, ba ɗaukar jarka ko tulu, ba faskare, ba wankin tsugune, ba ɗaukar yayan jaririn da ke rigimar a goya shi. In haihuwar ta faɗo da kaka, lokacin da kowa ke gona ana roron wake da cirar gyaɗa, sai ka tanadi wadda za ta zauna da ita tun kafin ranar. Mace ba ta iya cewa a'a idan tana ganin tukunya babu mai ɗorawa. Sakamakon ɗaukar nauyi da wuri sau da yawa ba ya bayyana nan take. Bayan watanni sai a ga wani ƙulli ya turo a gefen tabon, yana fitowa in ta tsaya ko ta yi tari, yana komawa in ta kwanta. Ƙaba ke nan, kuma gyaranta sai wata tiyatar.

Ranar suna tana faɗawa daidai lokacin da ɗinki ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, wato ƙarshen makon farko, sau da yawa kuma ita ce ranar cire zare. A yanka rago, a yi taro, amma a bar mai jego a ɗaki, ban da ɗaure zane tamau a kan yankan, ban da tashi da zama don gaisuwa. In ranar asibiti ta yi karo da suna, asibiti ne gaba.

Batun kuɗi kada ya sa a zauna da ciwo a gida. Jihar Kano ta fara shirin haihuwa kyauta a asibitocinta tun 2001, kuma a watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Ku tambaya tun wajen awo abin da shirin ya ɗauke da abin da za ku saya da kanku.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Idan jini ya jiƙa ƙunzugu sharkaf cikin awa ɗaya, ko ya dawo ja da gudaji bayan ya ragu. Idan zazzaɓi ya kama ta, ko jinin biƙi ya yi wari. Idan ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya ko ya buɗe. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, ko ba ta iya kwanciya sai an tokare ta. Idan kai na sarawa, ido na ganin dishi-dishi. Idan ciki ya kumbura tana amai, ba hutu ba bayan gida. Ko fitsari na zuba ba tare da saninta ba, a tafi asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne. Jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa, har ga wadda ba ta yi ta da ciki ba. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a tsaya a kemis. A bari a gwada, a kuma duba ɗinkin. Mutanen Ajingi su fara da asibiti mafi kusa domin a ba da taimakon farko da takardar turawa, kada a ɓata awoyi ana shawara.

Akwai kuma wadda jikinta lafiya amma kullum kuka, ba barci, ba ta son ɗaukar jaririn, tana jin ta gaza tunda ba ta haihu da kanta ba. In ya wuce mako biyu ciwo ne, yana da magani. Masu yi mata gorin ragwanta su daina.

Ko ba wata matsala, a dawo a duba uwa da ɗa cikin mako na biyu, sannan a mako na shida, ranar da jariri zai karɓi rigakafinsa na mako shida.

TUMBIN DA YA ƘI KOMAWA

Wannan tambaya mata kan yi ta a hankali bayan likita ya gama rubutu. Tsokar gaban ciki guda biyu ce a tsaye, dama da hagu, da tantani a tsakaninsu. Ciki yana buɗa su, musamman ga mai haihuwa da yawa, ko mai tagwaye, ko mai haihuwa kusa da kusa. Bayan mako shida za ki iya gwadawa: ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, ki sa yatsu a saman cibiya, ki ɗan ɗaga kai. Za ki ji bakin tsoka ta kowane gefe. In ramin da ke tsakani ya fi faɗin yatsu biyu, ki nuna wa likita ya tura ki sashen gashi da motsa jiki. A gida kuma, kina kwance ko kina zaune, ki fitar da numfashi kina jan mara ciki a hankali, ki ƙirga goma, ki saki, sau goma, safe da rana da dare. Ga yawancin mata ramin yana raguwa cikin watannin farko.

Ɗaure ciki da zane ko bel yana rage zafi lokacin tafiya, amma ba ya narkar da kitse, ba ya haɗe tsoka. In za ki ɗaura, ya zama kina numfashi sosai, ki kuma kwance da dare. Shayin rage tumbi da ake talla a waya yawanci maganin gudawa ne, ruwan jiki yake zubarwa, mai shayarwa kuwa ruwan take buƙata.

Akwai tiyatar ɗame ciki, wadda likitocin gyaran fata ke yi. Ana yanka daga ƙugu zuwa ƙugu, a ɗinke tsokar nan biyu su haɗu, a yanke fatar da ta yi yawa, a sake fito da cibiya. Jinyarta ta fi ta tiyatar haihuwa tsawo: robar tsotse ruwa a jiki na kwanaki, tafiya a sunkuye mako ɗaya ko biyu, bel na kusan mako shida, kumburi na watanni, ga haɗarin taruwar ruwa a ƙarƙashin fata da daskarewar jini. Ba maganin ƙiba ba ce. Ba a so a haɗa ta da tiyatar haihuwa, domin a ranar mahaifa ba ta koma ba, kuma haɗarin zubar jini da ruɓa ya fi yawa. Sai wadda ta gama haihuwa, ta yaye, nauyinta ya tsaya, domin sabon ciki zai warware aikin. Kada kuma sunan ƙasar waje ya ruɗi kowa. Uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 bayan tiyatar rage kitsen ciki a wani asibitin kuɗi kusa da Marbella a ƙasar Sifen, kuma a 2009 kotu ta sami likitan da laifin sakaci. Wadda fatar cikinta ke saukowa har tana ruɓar da ƙarƙashinta, ko mai ƙaba, wannan lalura ce ba kwalliya ba. Ta zo asibitin koyarwa a duba ta.

CIKI NA GABA

Saduwa sai jini ya ɗauke, ɗinki ya warke, wato bayan arba'in ko mako shida. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. Kwanika ga mai tabo a mahaifa haɗari ce ta gaske, domin tabon da bai yi ƙwari ba yana iya yagewa. A ba da tazarar aƙalla wata 18, in da hali shekara biyu, kafin a sake ɗaukar ciki. Akwai allura, akwai ashanar hannu, akwai robar mahaifa. Ku zo tare da maigida ku zaɓa.

Ba gaskiya ba ne cewa wadda aka yi wa tiyata sau ɗaya ba za ta ƙara haihuwa da kanta ba. In yankan mahaifar a kwance yake, sau ɗaya ne, kuma dalilin farko bai maimaitu ba, kimanin uku cikin huɗu na waɗanda suka gwada suna haihuwa lafiya. Sai dai kimanin ɗaya cikin 200 tabon kan yage ana cikin naƙuda, kuma idan hakan ta faru mintoci ne tsakanin rai da mutuwa. Saboda haka mai tabo ba ta naƙuda a gida, ba ta naƙuda a ƙaramin asibitin da babu ɗakin tiyata da jini, ba ta shan jiƙon saurin naƙuda, ba a yi mata allurar naƙuda ko a sa mata ƙwaya a kemis. Wadda aka yanka mahaifarta a tsaye, ko wadda mahaifarta ta taɓa fashewa, sai dai a sa mata ranar tiyata kafin naƙuda ta fara. Haka aka fi yi wa wadda aka yi wa aiki sau biyu ko fiye. Ta fara awo da wuri, ta zo da katinta na baya, a yi hoton ciki a ga inda mabiyiya ta zauna, domin takan manne a kan tsohon tabo. In gidanku yana nesa da kwalta, ko haihuwar za ta faɗo da damina, ta koma wurin 'yan'uwa a cikin garin Gaya ko Wudil ko Kano tun watan tara ya kama, kuma a san mutum biyu da za su ba da jini in an nema.